Bulon ɗin da Baba ya ɗaure

Assalamu alaikum masu karatu. Abin da zan ba ku labari ya faru ne a tsakar gidanmu a Filinge, shekarun baya, ana dab da faɗuwar damina. Ni matar gida ce, karatuna a kolej ya tsaya, kuma ba na cikin masu son labarin iskoki. Amma wallahi da hannuna na taɓa abin nan, da idona na gani, shi ya sa har yau na kasa ajiye shi.

Surukina, wanda duk muke kira Baba, ya rasu ya bar wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, da ita ya yi rayuwarsa yana kai mutane kasuwannin Tabla da Bankuku. Da idonsa ya raunana sai ya bar wa ɗansa, wato maigidana, tuƙi, amma bai yarda ya zauna gida ba, kullum yana baya a kusurwar dama, saman taya, riƙe da ƙarfe yana tauna goro. Bayan rasuwarsa motar ta kwanta a gindin bishiyar bedi, damina ta yi ta wucewa a kanta, har kaji suka mai da ƙarƙashinta gida.

Sai Inna, matar marigayin, ta kwanta ciwo. Likita ya ce a kai ta gida a kula da ita, mun kuwa gane abin da yake nufi. Ita ƴar wani ƙauye ce can cikin Kurfai, inda danginta har yanzu suke kan al'adar kakanni, kuma ba ta roƙi komai ba sai a mai da ita can ta ga ƴan'uwanta da ranta. Ba ta iya zama, sai kwance a katifa, ta kuma rantse ba ta shiga kowace mota sai ta Baba. Ga hadari yana haɗuwa kullum da yamma, in kuwa ruwa ya cika ƙoramar da ke kan hanyar, shi ke nan sai bayan damina, Inna kuwa ba ta da wannan lokacin.

Maigidana ya kira abokinsa Hamani makaniki, wani Bazabarme mai barkwanci. Inji bai ba su wahala ba. Matsalar tana ga lam, waɗannan dogayen ƙarafan da ake jerawa a ƙarƙashin mota su ɗauki nauyi, na baya duk sun karye. Aka samo sababbi, aka ɗaga motar aka tokare ta da kututture, suka shiga kwance bulon-bulon, wato kusoshin ƙarfen da suka ɗaure tsofaffin, waɗanda tsatsa ta cinye. Duk suka fita, da duka da zagi, sai guda ɗaya, wanda ya ratsa idon lam ɗin dama, daidai ƙarƙashin mazaunin Baba.

Ina kai musu shayi ina kallo. Sun jiƙa shi da man birki, sun bar shi ya kwana cikin gazuwal, wato man dizal, sun zura bututu a bakin kile, wato sifana, suka hau su biyu har kilen ya lanƙwashe. Sun gasa shi da wuta har robar ciki ta yi hayaƙi, sai suka tsorata don tankin mai na kusa. Hamani ya kawo zarto, haƙoransa suka zube.

"Kai, tsohonka da me ya ɗaure wannan?" in ji Hamani yana share gumi. "Ku Kurfayawa ko bulon kunka ɗaure sai kun haɗa da taurin kai."

"Ka dai ce ƙarhinka ya ƙare, tuwon gidana kaɗai ka iya kwancewa," in ji maigidana. Suna dariya, amma na ga idonsa yana kan sama, inda gajimare ke taruwa.

Inna tana jin su daga ɗaki. Da ɗanta ya shigo gaishe ta sai ta ce, "Ubanka ya ɗaure shi da hannunai. A garinmu ba a kwance abin da mamaci ya ɗaure sai an hwaɗa mai."

Ya ce, "Inna, don Allah ki bari. Wanda ya rasu ya rasu, Allah muke roƙo." Ya faɗa da ladabi, amma ya fita ransa a ɓace.

Da azahar mazan suka tafi masallaci. Ina gyara mata matashi sai ta riƙe hannuna, hannun nan ba nauyi kamar kara, ta ce, "Ɗiyata, ƙahwata ba ta kai ni. Ke tahi ki hwaɗa mai ina son gida."

Jama'a, na shiga tsaka mai wuya. Na san mamaci ba ya kwance komai, na san roƙon wanin Allah babban abu ne, kuma ina tsoronsa. Amma ga tsohuwa tana kallona, ita da ta riƙe ni kamar ta haife ni. Sai na ce a raina ba zan roƙi kowa ba, aike ne aka ba ni, zan isar kawai. Na fita cikin ranar nan, na durƙusa a gefen motar, na karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu na roƙa wa Baba gafara, sa'annan na ce a hankali, ina jin kunyar kaina, "Baba, Inna ta ce tana son gida."

Ba abin da ya motsa, ko kaza ba ta yi kuka ba. Sai dai ban san abin da ya sa na miƙa hannu na kama kan bulon ɗin ba. Innalillahi! Da yatsuna ya juya, kamar murfin kwalbar mai, tsatsa tana zuba a zanena. Na ja, ya fito tsaf a tafin hannuna. Na ajiye shi a kan tiren shayi na koma ɗaki, Inna kuwa ko tambayata ba ta yi ba, ta juya ta yi barci.

Da suka dawo Hamani ya juya bulon ɗin a hannu ya ce mai ne ya gama ratsa shi, da zafi da sanyi, haka ƙarfe yake. Ban gaya musu abin da na yi ba, kuma wallahi na so maganarsa ta zama gaskiya, mai yiwuwa ma ita ce.

Suka ɗaura sababbin lam, motar ta tsaya daidai. Washegari da hantsi muka shimfiɗa wa Inna katifa a baya ta gefen hagu, ni ina zaune a wajen kanta, Hamani yana gaba. Tun kafin mu fita gari motar ta karkata dama, ta zauna sosai a kan tayar baya, gefen da babu kowa babu kaya. Maigidana ya tsayar da motar, Hamani ya leƙa, ya auna da karan gero, ya ce lam lafiya lau, taya lafiya lau, bai ƙara barkwanci ba. Inna ta buɗe ido ta dubi kusurwar da Baba yake zama ta ce, "Ka riƙe da kyau, hanyar ta lalace." Ba da ni take ba.

Haka muka tafi a karkace har ƙauyen, muka ƙetare ƙoramar a bushe. Ƴan'uwanta suka sauke ta suna kuka suna dariya. Da muka juyo, mota ta miƙe daidai, kamar an sauke mata buhu. Hamani ya sake aunawa da karansa, ya jefar da shi, muka kama hanyar Filinge. Da yammar nan ruwa ya sauka. Inna ta cika a ɗakin da aka haife ta, gero bai ko kai gwiwa ba.

Ban ce muku Baba ne ba, Allah kaɗai ya san gaibu, kuma na nemi gafararsa in akwai kuskure a abin da na yi. Abin da zan ce, in tsohonku ya roƙe ku wani abu a ƙarshen kwanansa, kada ku yi saurin yi masa dariya, ku duba abin da za ku iya ba tare da kun saɓa wa Allah ba, kuma ku yawaita wa mamatanku addu'a. Ni dai har yau in mota ta wuce ni a karkace ba kaya a bayanta, sai na tsinci bakina yana yin sallama.