Tukunyar Gas ɗin Inna A-sake

Shekara ashirin da bakwai Inna ta yi tana duba ɗinki a wani kamfanin kayan makaranta. Teburinta na bakin ƙofa, duk rigar da za ta fita sai ta bi ta hannunta. Ta juya cikinta waje, ta ja wuya, ta fizgi maɓalli, sannan ta wurga wa tela: "A sake." Daga nan sunan ya bi ta. Ko likita ne ya rubuta mata magani, sai ta kai takardar kanti biyu ta ji ko bakinsu zai zo ɗaya. Ba mugunta ba ce, wallahi. Ita dai ba ta taɓa ganin abin da ya fito daidai a karon farko ba.

Tun rasuwar maigidanta take zaune ita kaɗai a ɗaki ɗaya da 'yar baranda, kuma nan take so ta ƙare kwanakinta. Tarin da ya kama ta bara ne ya so ya raba ta da wurin. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinta ya ce hayaƙin gawayi ya yi ɓarnar da ta isa. 'Yarta, malamar makaranta mai magana ɗaya, ta sayo mata tukunyar gas mai cin kilo shida, ta ce ita za ta riƙa biyan kuɗin cika ta duk wata. Sannan ta gindaya sharaɗi: "Inna, ranar da na ji kin hura gawayi, ranar za ki koma gidana."

Gidan 'yar a hawa na uku yake, ba maƙwabciyar da za a leƙa, ba barandar shan iska. Inna ta fi tsoronsa a kan tarin.

Tukunyar ba ta kwana biyu ba Inna ta ji labarin cewa masu gas kan musanya wa mutum sabuwa da tsohuwa. Ita za a yi wa? Ta je wurin mai sayar da ƙarafa ta zaɓi sarƙa mai kauri da manyan kwaɗuna biyu. Ɗaya ta datse a mariƙin tukunyar, ɗaya a ƙarfen taga. Ranar cikawa sai ta kwance na taga, ta nannaɗe sarƙar a wuyan tukunyar, mai babur ya kai su. Na mariƙi kuwa ba ta taɓa buɗe shi ba.

An ce gas ɗin zai yi mata wata guda. Ran kwana na ashirin wuta ta mutu ana tsakiyar girki. Wata na biyu ma haka. Ta shafa kumfar sabulu a bututu, ba inda ke yoyo. Ta zargi murhun, ta zargi maƙwabciya, daga ƙarshe zarginta ya tsaya a kan mai gas, wani mutum mai yawan fara'a. "Sannu da zuwa, Innarmu!" Hmm. Mutum ba ya washe maka baki haka kawai. Ta riƙa tsaya masa a ka. Takwas aka buga a wuyan tukunyar, nauyinta in babu komai a ciki, a ƙara shida, sha huɗu ke nan. Kuma kullum allurar sikeli a kan sha huɗu take tsayawa cif. Wannan daidai ɗin ne ya fi ƙona mata rai.

Ba ta gaya wa 'yarta gas na ƙarewa ba, don ta san amsar: zaman kaɗaici ya yi tsada, ki taho. Sauran kwana goman sai ta jawo kurfotin gawayi daga ƙarƙashin gado, ta rufe ƙofa kada maƙwabta su ga hayaƙi su kai rahoto. Wata bakwai tana haka, tana tari a cikin mayafi.

A rediyo ta ji akwai ofishin kare haƙƙin masu saye. Sau uku ta je kafin wata jami'a ta sa rana. Inna ta kira 'yarta ta zo shaida, ta ce mata kawai, "Mai gas na cuta ta, ki zo ki gani da idonki."

Da ranar ta zo, a shagon mai gas, jami'ar ta ɗora ƙarfen gwajinta a kan sikelin. Lafiya lau. Mai gas ya yi dariya.

"A sake," in ji Inna.

Aka sake, lafiya lau dai. Sai jami'ar ta ce a ɗora tukunyar yadda take, wayam. Allura ta tafi goma. Ta dubi lambar wuyan, ta dubi sarƙar.

"Inna, ba ni makulli."

Aka cire sarƙa da kwaɗuna, allura ta dawo takwas. Kilo biyu na ƙarfe ake auna mata a madadin gas, kuma da hannunta ta ɗaura shi. Kunya ta rufe Inna har ta rasa inda za ta sa ido. Amma jami'ar ba ta gama ba, ta juya wajen mai gas.

"Ƙa'ida ita ce ka auna tukunya kafin ka cika. Ka ga sarƙar nan?"

"Na gani."

"Ka faɗa mata?"

Ya sosa ƙeya. "Ranki ya daɗe, wa ke iya faɗa wa Inna magana?"

"Amma ka iya karɓar kuɗin kilo shida. Wata bakwai, kilo sha huɗu, za ka mayar mata."

Inna ta ɗaga kai. Ashe dai ba ta yi ƙarya ba, fara'ar nan da dalilinta! Daɗi ya cika ta har ta gyara ɗaurin ɗankwali.

Jami'ar ta buɗe takarda. "Kwana nawa gas ɗin yake yi miki?"

"Ashirin."

"Sauran kwana goman da me kike girki? Akwai gurbin illar da aka yi wa mai saye, sai an cike shi."

Inna ta ji 'yarta ta juyo. Da ta ce maƙwabta ke ba ta abinci, da ba wanda zai bincika. Amma ita ta kawo ƙarar ha'inci, kuma ba ta iya sa hannu a kan abin da ba daidai ba.

"Gawayi," ta ce a hankali.

"Wata bakwai, Inna?" in ji 'yar. Idonta ya ciko, amma ba ta ɗaga murya ba. Ta ciro waya ta kira mijinta. "Baban yara, ka zo da mota gidan Inna. A'a, yau."

Inna ta sa hannu a takardar da ta ba ta gaskiya. Mai gas ya jawo tukunyar ya ce, "To, in cika yanzu?"