Hatimin Mahmuda

A bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda akwai wani shago da aka rubuta wa "Ana Fotokwafi" a ƙofa, ko da yake injin ya daɗe yana hutawa a ƙarƙashin wani tsohon zane. Shagon Asibi ne. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne, a gindin teburinsa ta girma tana tsintar ƙananan kusoshi, har ta tashi da cutar nan ta son buɗe cikin abu ta ga yadda yake aiki. Ta yi karatun kwamfuta a nan garin, ta yi aure, ta haihu, amma cutar ba ta sake ta ba.

Ita ta rubuta manhajar wayar da ake kira Rumbu. In ka sa ta a wayarka ka buɗe, babu abin da za ka gani sai fili fetal, kuma mutane da yawa sun goge ta tun ranar farko suna cewa matar nan ta raina musu hankali. Da gangan ta bar ta haka. Ta yi ta ne don wasu su riƙa rubuta ƙananan ayyuka suna liƙawa a ciki, abin da 'yan kwamfuta ke kira filogin, mutanenta kuwa suka ce ƙari. Wayoyi biyu masu Rumbu in suka kusanci juna sukan yi musayar ƙari da labari ba sai da data ba, don haka teburin mai cajin waya a kowace kasuwa ya koma gidan waya.

Rubuta manhajar bai ba ta wuya ba kamar renon masu rubuta ƙarin. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci sukan cika shagon, ta dafa shayi, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana leƙa abin da suka rubuta. Waɗanda ke nesa ta saƙon murya take amsa musu, sau da yawa kana jin ƙarar muciya a bayan bayanin. Tana da faɗa, kowa ya shaida, amma ba ta taɓa mayar da aikin farko na kowa ba, ko da ya fi kunun jiya tsami. Sai ta zauna da mai shi su gyara. A haka Sanda, makiyayi daga wajen Galadi, ya rubuta ƙarin da ke tuna wa mutum lokacin allurar shanu da Fulatanci. Sadiq na Shinkafi ya yi na farashin albasa. Mahmuda na Zurmi kuwa ya rubuta Hanya, wanda ya fi kowane karɓuwa. Ɗan kabu-kabu in ya bi hanya lafiya sai ya danna kore, in ya ga abin da bai gane ba ya danna ja, na bayansa su duba kafin su tashi. A ƙasar da mutanen daji ke tare hanya, wannan ba abin wasa ba ne.

Doka ɗaya ce a Rumbu: waya ba ta karɓar ƙari sai da hatimi, wato wata shaida ta sirri da ke nuna an duba shi an amince. Da farko hatimin Asibi ne kaɗai. Shekarar da aka rufe layukan waya a jihar, ayyuka suka taru a Shinkafi da Zurmi babu mai sa musu hatimi, ita kuma ba ta yarda wani ya hau babur ya sa ransa a hanya don sa hannunta ba. Sai ta yi wa Sadiq nasa, ta yi wa Mahmuda nasa, ta ce kowa ya riƙe kalmar sirrinsa a kai. Wannan shawarar ce ta bunƙasa ƙungiyar. Kafin layuka su dawo, masu rubuta ƙari sun yi yawan da Asibi ba ta san fuskar rabinsu ba, kuma ta yi alfahari da hakan, ba ta ɓoye ba.

Bayan girbin gero ta roƙi Mahmuda ya zo Kaura ya koya wa sababbi. Ya taso da safe da kwamfutarsa a jaka, shi ne na farko a hanya ranar, babu wanda ya riga shi bi balle ya danna masa ja. An tsinci babur ɗinsa a gefen wata gonar dawa. An zuba ido a ji kira, kamar yadda aka saba in an ɗauke mutum, amma babu wanda ya kira ya nemi komai. Wannan shirun ya fi tsorata mutane.

Mahaifiyarsa Saliha ta baro Zurmi ta tare gidan ƙanenta a Kaura, don ta kasance kusa da inda labari zai fara sauka. Har an fara yi mata irin gaisuwar da ta yi kama da ta'aziyya, sai wani ɗan kabu-kabu ya shigo shagon yana murna, wai Hanya ta yi sabon fenti. Asibi ta karɓi wayarsa ta duba. Sabon ƙari ne, kuma hatimin Mahmuda ne a kai.

Ta kwafe shi a kwamfuta ta buɗe cikinsa. Duk mai rubuta manhaja yana da hannunsa. Mahmuda sunayen tsuntsaye yake laƙaba wa abubuwa a cikin rubutunsa, hasbiya, zalɓe, kurciya, ta sha yi masa faɗa a kai bai daina ba. Ga su nan reras, har da sababbi. Yana raye. Daɗi ya kama ta har ta miƙe tsaye, sannan ta koma ta zauna ta ci gaba da karantawa, daɗin ya gudu. An ƙara wasu 'yan layuka. Akwai waya guda da in ta ce hanya kore ce, to kore ce, ko da mutum goma sun danna ja. Ta bi rubutun sama da ƙasa ko ya ɓoye mata wani saƙo. Babu. Aiki ne kawai, tsaf, irin na wanda ake tsaye a kansa.

Ta gaya wa Saliha rabin maganar: ɗanki yana raye, ga hannunsa. Tsohuwar ba ta iya karatu ba, amma ta shafa gilashin kwamfutar da yatsa. Tun daga nan kowace Juma'a sai ta zo da ƙwaryar fura, ta zauna a kan benci, ta ce, "Ɗiyata, ya aiko?" Sau da yawa kuwa ya aiko, domin wayoyi iri-iri ne, kullum akwai wadda ƙarin ke ƙin aiki a kanta, sai an gyara an sake sa hatimi.

Akwai magani, kuma Asibi ta san shi tun ranar farko. Layi ɗaya za ta rubuta ta soke hatimin Mahmuda, saƙon ya bi wayoyi daga tebur zuwa tebur, duk inda ya isa Hanyar ƙarya ta mutu, ta gaskiya ta dawo. Sadiq ya kira ta daga Shinkafi a kan haka.

"Anti, mi kike jira? Ki soke shi."

"In na soke, mi za shi yi musu kuma?" ta ce. "Mutanen ga ba su ciyar da wanda bai yi musu aiki."

"To mutanen da ke bin hanya hwa?"

"Na gaya ma 'yan tasha kada su yarda da kore."

"'Yan tashar Kaura. Na Galadi wa ya gaya musu? Hatimi suka sani, ke kika koya musu haka."

Ta kashe wayar, don gaskiya ya faɗa. Ita ce ta yi shekaru tana shiga tasha-tasha tana cewa duk abin da ke da hatimi a yarda da shi. Ta aika gargaɗi ta bakin direbobi da masu caji, amma maganar baki takan tsaya a inda mai ita ya sauka, ƙarin kuwa ba ya tsayawa. Juma'a ta daina daɗi. Masu zuwa suka ragu, waɗanda suka zo suna shan shayi suna satar kallon bencin Saliha. Sanda ya ce a rugarsu an fara goge Rumbu gaba ɗaya, har da ƙarin allurar. Asibi ta rame. Kullum takan ce wa kanta bari a ga mako mai zuwa, ko za a kira, ko zai kuɓuto.

Sai aka tare ayarin babura a hanyar Kurya Madaro, masu dawowa daga cin kasuwa. Wanda ya tsira ya ce sun duba waya kafin su tashi, kore ce shar. An yi jana'izar mutum biyu, an shiga daji da sauran, cikinsu har da mace mai goyo. Sadiq bai kira ba wannan karon. Ya hau mota ya zo da kansa, ya zauna a shagon, bai ko taɓa shayin da ta zuba masa ba.

Washegari ranar cin kasuwa ce a garin Kasuwar Daji. Ta rubuta layin da hantsi, bai ɗauke ta lokacin shan ruwa ba. Sadiq ya ce ta ba shi wayar ya kai, ta ƙi. Ita ta hau babur ta je, ta miƙa wa mai caji wayarta, ya jona ta a tsakiyar wayoyin mutane. Ta tsaya cikin rana tana kallon masu su suna zuwa suna karɓa, wannan zai yi Zurmi, wancan Shinkafi, wancan ƙauyen da ba ta taɓa jin sunansa ba. Tsoro take ji, da wani baƙin ciki da ba ta da wanda za ta gaya wa.

Ba a jima ba wani sabon ƙari ya iso da hatimin Mahmuda. Wayoyi suka ƙi shi. Ta buɗe, tsuntsayen suna nan. Bayansa wani ƙarin ya sake zuwa, wannan kuwa an rubuta shi cikin gaggawa, layuka a hargitse, yana neman hanyar da zai zagaye sokewar. Kuma ya kusa samu. Kuskure ɗaya ya hana shi, ƙaramin abu, irin wanda Mahmuda ya yi a aikinsa na farko ranar da ya fara zuwa shagon yana jin kunyar zama. A wancan karon ta ja kujera kusa da shi sun gyara tare. Ta daɗe tana kallon wurin. Ta san abin da ya kamata a rubuta, harafi nawa ne ma. Sai ta rufe kwamfutar.

Daga nan babu abin da ya sake zuwa. Hanya ta dawo tana faɗin gaskiya, Juma'a ta sake cika, har da sababbin fuskoki. Asibi tana bin su tana duba aikinsu kamar da, sai dai faɗan ya tafi, kuma duk wayar da aka shigo da ita daga wajen Zurmi sai ta nemi a ba ta ta duba.

Saliha ta zo da furarta kamar kullum, ta zauna a kan benci, ta gyara mayafi.

"Ɗiyata, na ji 'yan kabu-kabu na ta shi miki albarka. Sun ce waya ta bar yi musu ƙarya, ke kika gyara."

"Haka ne, Inna."

"Madalla. Allah shi saka miki, kin ceci ɗiyan mutane." Ta ɗan matso, ta rage murya. "Shi kuma, ya aiko?"

"Bai aiko ba, Inna."

"Halan wayoyin ne ba su kawo ba. Ki ƙara dubawa."

Asibi ta jawo wayar, ta sake dubawa.