Jan da Baba Sati Ya Gani

Duk wanda ya taɓa kai tufa rini a unguwar Muchia ya san Baba Sati. Shekara talatin da huɗu ke nan yana bayan layin masu walda da durominsa uku, hannuwansa sun rine har gwiwa, ko ranar Lahadi in ya ɗaga su a coci sai ka rantse safar hannu ya sa. Rigunan 'yan kwaya masu waƙa a coci da zannuwan zumuntar mata duk ta hannunsa suke bi. Ga shi da iyayi. Ka ce masa shuɗi kake so, sai ya tambaye ka wane shuɗin, don shi bakwai ya sani.

Abin da unguwa ba ta sani ba shi ne tun bara yanar ido ta fara rufe masa gani. Matarsa Susanna kaɗai ta sani. Ita ce ta kwashe tiren gyaɗarta ta dawo bakin duro, wai inuwa ta fi a can. In ya ɗago zane daga ruwa, sai ta ce ƙasa-ƙasa, "Ya kama," ko kuwa, "Mayar." Ya roƙe ta don Allah kada 'yarsu Christabel ta ji. Yarinyar nan ta taɓa ajiye karatu shekara guda cur lokacin da uwar ta kwanta ciwo, ga shi yanzu saura wata huɗu ta gama digiri na biyu a jami'a a Samaru. In ta ji, wallahi tattara littattafai za ta yi ta dawo gida.

Karatun nata kuwa shi ya fi ɗaure masa kai. Rini take haɗawa, in ji ta. Ranar da ya fara jin haka har dattawan coci sai da ya gaya wa cewa gado ya bi jini. Da ya tambaye ta wane yadi rinin yake kamawa, ta ce ba na yadi ba ne. A kan ɗan gilashi ake shafa shi, siriri kamar ɓawon albasa, a sa masa lantarki ya ba da haske.

"Fitila ke nan?"

"Kusan haka, Baba. Sai dai haskensa ya wuce ja, ido ba ya ganinsa."

"Ya wuce ja ya tafi ina?"

Ta yi ta bayani, rabi Hausa rabi Turanci, wai irin hasken nan yana ratsa fata, likitoci su duba jijiya ba tare da an tsaga mutum ba. Baba Sati ya yi ta cewa to, to. Abu ɗaya ya tsinta, kuma a sana'arsa ma'anarsa ɗaya ce: rinin da ba a gani, rini ne da bai kama ba. Ashe abin da ya hana yarinya barci ke nan! Tausayinta ya kama shi. Ya ce ta ƙara gishiri, ta kuma daina gaggawar tsamewa. Ta yi dariya har da hawaye, shi kuwa ya rasa abin dariya a ciki.

Wata Talata ta bugo waya tana haki. "Baba, ya yi! Ka zo ka gani!"

To, ka ji fa. Tunda an ce a zo a gani, ai gyara ya yiwu ke nan. Washegari da hantsi suka hau mota zuwa Samaru, Susanna tana riƙe da gefen rigarsa kamar mai tsoron ɓata. A ƙofar ɗakin gwaji aka ce baƙo ɗaya ake bari ya shiga. Susanna ta zauna a benci, Baba Sati ya shiga shi kaɗai.

A ciki, abokin aikin Christabel, Oluwatobi, ya gaishe shi har ƙasa, ya ja labule, ya danna wani abu. Sai ya yi tafi. "Ga shi nan, ga shi nan!"

Baba Sati bai ga komai ba sai hazo. Amma yara suna murna, kuma marini ne aka kira ya duba rini. Ya sunkuya, ya gyaɗa kai irin na gwanaye.

"Kai! Wannan shi ne ja. Ja wur, kamar tattasai. Ban ce ki ƙara gishiri ba?"

Oluwatobi ya tuntsire da dariya, ya ɗauka zolaya ce. Christabel ba ta yi dariya ba.

"Baba, ba wanda yake ganinsa. Ni ma ban taɓa gani ba. Kwamfuta muke kallo, ga layi nan ya hau sama." Ta dubi idanunsa. "Tana kusa da kai, Baba."

Ya juya hagu, alhali tana dama.

Ta buɗe labule, ta zare ɗankwalinta ta miƙa masa. Shi ya rina mata shi da hannunsa. "Wane launi ne wannan?"

Mutumin da ya san shuɗi bakwai ya tsaya yana murza yadi. Ya karkata kunne wajen ƙofa, ko za a ce masa wani abu ƙasa-ƙasa. Ba a ce ba. Kunya ta rufe shi, kansa kuma ya ƙara kullewa.

"Tsaya tukuna. In ba kya ganinsa, yaya kike sanin ya kama?"

"Na'ura ke gaya mini."

"To," ya ce. "Ni uwarki ke gaya mini."

Ya ji tana ɓalle maɓallan farar rigarta ta aiki ɗaya bayan ɗaya, tana jan hanci. Abin da ya shekara yana gudu ke nan. Ya laluba har ya kama hannun rigar, ya riƙe gam da shuɗin hannunsa.

"Sa rigarki, Christabel. Gobe zan je asibiti da ƙafata, na yi alkawari. Amma in kika biyo ni gida, ba inda za ni."