Sarkin da ke miƙa tulu da hannu biyu

Shekarun baya, lokacin ina karatun tarihin tsohuwar Masar a birnin Lyon na Faransa, mahaifina ya zo Paris don a yi masa aikin ido. Ya sauka gidan wani abokinsa ɗan kasuwa a unguwar Château Rouge. Tun a Maraɗi aka kai masa labari wai gumaka nake karantawa, kuma yayata ta riga ta tsegunta mini cewa ya yi niyyar komawa da ni gida. Mahaifina malami ne, in ya ce a bari, an bari ke nan.

Da idon ya warke, na hau jirgin ƙasa na same shi. Ya ce, "Kai ni in ga abin da ya riƙe ka nan."

Na kai shi babban gidan tarihi. Ni uban iya, na kwana uku ina shirya jawabi. A bakin ƙofa na miƙa masa tikitinsa da hannu ɗaya, ɗayan yana latsa waya. Ya kalle ni, ya karɓa.

Muka tsaya gaban wani allon dutse da aka sassaƙa. Sarki ne a durƙushe, riƙe da ƙananan tuluna biyu, yana miƙa wa abin bautarsa. Na shiga zuba bayani, sunan sarki, zamaninsa, irin dutsen. Ya ɗaga mini hannu, na yi shiru. Ya matsa kusa, ya daɗe yana dubawa da sabon idonsa.

"Wanga sarki ne?"

"Sarki ne, Baba."

"A'uzu billahi. Ɓata dai ya ɓata, don dutse ba ya ci, ba ya sha." Ya nuna allon da yatsa. "Amma dubi gwiwarshi a ƙasa. Dubi hannuwanshi, duka biyu. Shekara nawa kana kallon wanga dutse, ba ka ga wannan ba?"

Kunya ta rufe ni. Na auna dutsen nan, na zana shi, na yi rubutu a kansa, amma ko sau ɗaya ban lura da abin da tsoho ya gani a tsayuwa ɗaya ba.

Da muka fito ya ce ƙishirwa yake ji. Na sayo ruwa. A nan bakin titi, Turawa na ratsa mu, na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu. Ya sha, ya ɗora tafinsa a kaina.

"Ka ƙare karatunka. Allah shi yi maka albarka."

Bai sake zuwa Faransa ba, bayan shekara biyu Allah ya karɓi ransa. Har yau aikina kan kai ni gaban dutsen nan, kuma ba na iya daɗewa a wurin. Da na dubi hannuwan sarkin, sai in ji nauyin tafin mahaifina a kaina.