Robar Tub a Ƙafar Akori-kura

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ina da fili a bakin titi a Rano, ina dillancin tsofaffin motoci. Ban yi koyon kanikanci ba. Abin da na sani na ƙafar mota, asara ce ta koya mini.

Wata safiya wani malami manomi daga Kahu ya zo da kuɗin shanun huɗarsa guda biyu a aljihun 'yar ciki. Akori-kura yake so, ya riƙa kai masara Kano. Mai motar da na samo masa wani Alhaji ne daga Dawaki, dattijo mai mutunci, shi ya tuko ta da kansa.

A wurinmu ba a sa wa motar dattijo jak a gabansa. A tayar da inji a saurara, a zaga da ita, a yi ciniki. Ɗaga ta sama kamar ka ce masa maƙaryaci ne.

Muka zaga da ita ta hanyar Kibiya, ni ke tuƙi. Inji lafiya lau. Amma sai na juya sitiyari kusan taƙi guda kafin taya ta amsa, kuma duk ramin da muka faɗa ina jin wani ƙwas a ƙarƙashin ƙafata. Da muka dawo na shafa tayoyin gaba ta ciki. Gefen ya cinye sumul, waje kuwa da sauran zane.

Na jawo jak.

Alhaji ya ce, “Kai dillali, ni za ka ɗaga wa mota?”

“Motar zan ɗaga, Alhaji, kai kana ƙasa.”

Malam ya sunkuyar da kai. “Don Allah a bari. Na yarda da Alhaji.”

“Ka yarda da shi, Malam. Ni ma na yarda da shi. Ƙarfe ne ban yarda da shi ba.”

Na ɗaga gaban. Na kama tayar dama ta gefe da gefe na girgiza, ta yi ta kaɗa kai. Na kama sama da ƙasa, nan ma da wasa. Na kwanta na leƙa. Kan tarod, sandar da ke haɗa sitiyari da taya, an naɗe shi da robar tub tam, an shafe da giris. Na sa wuƙa na yanke. Ƙarfen ya kusa fita daga gurbinsa, da yatsa biyu nake motsa shi.

Na zaci Alhaji zai ji kunya. Ya durƙusa ya duba, ya ce, “To ai gyara ne ka ɓata mini. Da hannuna na ɗaure shi, tun bara yake riƙe. Wa ke zuwa Kano don wannan ɗan abu?”

Gaskiyarsa yake faɗi. Rabin motocin da ke shiga ƙauyukanmu a lokacin da roba suke tafiya.

Na ce wa Malam, “Idan wannan ya fita kana gudu da buhu ashirin a baya, taya za ta kama gabanta, sitiyarin ya zama faifai a hannunka. Ko Alhaji ya rage kuɗin sabbin ƙarafa, hagu da dama, ko ka bari.”

Alhaji ya ce ko kwabo ba zai rage ba, motarsa ba ta da ciwo.

Malam ya dubi Alhaji. Na ga hannunsa ya nufi aljihu, don nauyin dattijo yake ji. Sai ya tsuguna ya taɓa ƙarfen da kansa, ya motsa shi sau biyu. Ya miƙe ya ce, “Alhaji, a yi mini haƙuri. Ba rabona ba ce.” Ya tafi bakin titi neman motar Kibiya da za ta mayar da shi Kahu.

Na zo zan sauke jak, Alhaji ya dakatar da ni. Sannan ya tambaya ko ina da tsohon tub. Na ɗauko masa, na riƙe masa tayar har ya gama ɗauri.