Yinin da muka yi a garin da ruwa ya cinye

A lokacin da wannan abu ya same ni ina aji uku a jami'a, a wani babban birni mai nisa da gida. Ni 'yar Yelwa ce, ta ƙasar Yawuri, kuma a cikin ƙawayena ni ce uwar yawo. Ba yawon banza nake nufi ba, Allah ya sani. Mu huɗu ne, duk ranar Asabar sai mun fita. Yau gidan namun daji, wani makon wurin shan askirim, wani kuma mu hau keke napep zuwa bayan gari mu sayi tsire mu zauna ƙarƙashin bishiya muna ɗaukar hoto. Ni ke zaɓen wuri, ni ke tayar da mai barci. Kafin mu gama aji biyu babu lungun shaƙatawa a birnin nan da ba mu taka ba, har muka fara gundura. Shi ne na soma yi musu alfahari da ruwan garinmu, ina ce musu duk abin da suke kira tafki a birni, a wurinmu kwatami ne. Ina roƙon edita ya sakaya sunana, ni ma ba zan kira sunan kowa ba.

Da aka yi hutu a farkon damina sai su ukun suka biyo ni gida. Biyu daga ciki 'yan hayaniya ne irina. Ta ukun ita ce muke ɗaki ɗaya, yarinya mai sanyin hali, 'yar wani gari can gabas, wadda ba ta taɓa shiga jirgin ruwa ba a rayuwarta. Ba ta so zuwa ba. Ni na yi ta lallashinta, har na kira mahaifinta a waya na ce masa amanarta tana wuyana. Inna ta karɓe su hannu bibbiyu, kakata kuwa, wadda ke zaune tare da mu, ta yi ta tsokanarsu tana cewa 'yan birni ba su iya cin kifi mai ƙaya ba. Na san kakata Bagunguwa ce, wato daga cikin mutanen tsibiran da ke tsakiyar kogi, na kuma san an tashe su ne lokacin da aka yi madatsar Kainji tun kafin a haifi Inna. Iyakar abin da na sani ke nan. Ban taɓa zama na tambaye ta yadda garinsu yake ba.

Da safe Inna ta soya mana kifi ta zuba mana dambu a kula, muka shiga mota zuwa Warra. A kwatar jirage muka sami wani mai jirgin inji, baƙo ne shi ma, ya ce bai daɗe da zuwa ƙasar ba. Na ce masa muna son wurin da babu jama'a, inda za mu sake. Ya ce ai bana ruwa ya ja baya ƙwarai, akwai wani gungu, wato tsibiri, da ya fito fili a kan hanyarsa, yana ganinsa kullum, ko akuya babu a kai. Zai sauke mu ya wuce da buhunan da aka ba shi zuwa ƙetare, bayan azahar ya dawo ya kwashe mu. Babu wadda ta tambayi rigar kariya a cikinmu, dariya kawai muke yi ana fesa mana ruwa a fuska.

Abin da na fara lura da shi da muka sauka shi ne shiru. Duk wanda ya tashi a bakin ruwa ya san ba a rasa tsuntsu a inda ruwa ya janye, balbela ce ko shamuwa, suna tsintar abin da ya bari. A nan ko ɗaya babu. Ƙasar baƙa ce, ta tsattsage kamar tafin ƙafar tsoho. Da muka hau sama kaɗan sai muka fara ganin tsingaro birjik, da duwatsun niƙa da suka lotsa a tsakiya, da duwatsun murhu uku-uku a zaune yadda masu su suka bar su. Akwai da'irori na duwatsu, kowace da giɓi a gefe guda, ka san nan ɗaki ne, nan ƙofarsa. A can ƙarshe akwai wani babban dutse da ya tsage gida biyu. Ƙawayena biyu suka yi ta murna, suna cewa mun samo wurin tarihi, suna hawa dutsen niƙa ana ɗaukar su. Muka zaɓi wani fili a bayan tsagaggen dutsen, inda ƙasa ta ɗan yi tudu-tudu a jere, muka shimfiɗa tabarma muka buɗe kula, muka kunna waƙa a waya.

Muna cikin ci sai 'yar ɗakinmu ta ajiye cokali, ta tambaye ni ko akwai ƙauye a kusa. Na ce babu, ruwa ne ta ko'ina. Ta ce to wa ke daka? Muka yi mata dariya, amma na kashe waƙar. Wallahi na ji shi da kunnena. Daka ne na mata biyu a turmi ɗaya, wannan ta saki wannan ta ɗaga, har da ɗan luguden da ake yi idan an ji daɗin aiki. Ba daga nesa yake zuwa ba, kamar daga ƙarƙashin tabarmar yake fitowa. Ɗaya daga cikinmu ta ce injin wani jirgi ne iska ke kawowa. Na yarda da ita saboda ina son in yarda. Rana tsaka ce, babu gajimare ko ɗaya a kanmu.

Sai muka ga 'yar ɗakinmu ta miƙe, ta gyara hijabinta, ta nufi ɗaya daga cikin da'irorin nan. Ba ta tsallake duwatsun ba, ta zagaya ta bi ta ƙofa. A bakin giɓin ta cire takalmanta, ta durƙusa har ƙasa kamar yadda ake gaida babba. Muna jin ta tana amsawa, lafiya lau, sun gode, gajiya ta bi lafiya. Tana yin shiru a tsakani, tana sunkuyar da kai, irin na mai sauraron tsohuwa. Na kira sunanta, ba ta waiwayo ba. Daga nan ta tashi ta bi wata 'yar hanya da ta gangara tsakanin ɗakunan ta shige cikin ruwa, tana tafiya a natse kamar wadda aka ce ta biyo baya. Kafin in ankara ruwa ya kai mata gwiwa, kafin in iso ya kai ƙugu.

Na faɗa ruwan na cafko ta ta baya. Yarinyar da ko bokitin ruwa sai na taya ta ɗauka, ranar ja na take kamar saniya. Taɓo ya riƙe min ƙafafu, ruwa ya kawo min ƙirji, ina ihu ina kiran sunan Allah. Sai ta juyo ta dube ni, idanunta a buɗe, fuskarta babu tsoro ko kaɗan, ta ce min da wata murya mai taushi: "An ce mu shigo daga ciki. Ba a zama a kan mutane." Sauran biyun suka ƙulla gyalensu suka jefo mana, na ɗaura mata a hannu, su suna ja ni ina turawa, har Allah ya sa muka fito da ita. Tana taɓa busasshiyar ƙasa ta zube, jikinta ya ɗauki zafi kamar garwashi. Da na je ɗauko tabarma in rufa mata, sai na dubi wurin da muka zauna da idon basira. Tuddan nan duk tsawonsu na mutum ne, duk sun miƙe daga kudu zuwa arewa, kowanne da dutse a kai da ƙafa. Ƙasusuwan kifin da muka ci suna warwatse a kansu.

Azahar ta wuce, mai jirgi bai zo ba. Waya babu sabis. La'asar na kawo jiki hadari ya taso daga gabas, tafkin ya yi baƙi, igiyar ruwa ta soma cin gefen gungun. Muka ja ta zuwa jikin tsagaggen dutsen, muka rungume juna a cikin ruwan sama muna karanta Ayatul Kursiyyu da duk abin da ya zo bakinmu. Ni dai na sallama, abin da ke raina kawai shi ne muryar mahaifinta da alkawarin da na yi masa. Rana na gab da faɗuwa iska ta lafa, sai ga jirgin. Injinsa ne ya mutu a ƙetare, ya yi ta ba mu haƙuri. Dakan nan kuwa ban san lokacin da ya tsaya ba.

Da muka isa gida Inna ta ruɗe, aka kwantar da yarinyar a ɗakin kakata ana shafa mata ruwan sanyi. Kakata ta tambaye ni ina muka je. Na kwatanta mata, da na zo kan tsagaggen dutsen sai carbi ya faɗi daga hannunta. Daga baya ta gaya mana garinsu ne, a nan aka haife ta, a nan aka yi mata aure. Ta ce ranar da aka zo kwashe su sun ɗauki tukwane da awaki da kaji, amma babu wanda ya iya ɗaukar na cikin ƙasa. Mahaifiyarta tana bayan dutsen nan, da ɗan da ita kakata ta fara haifa, wanda ya rasu yana goye. Tana cikin wannan magana sai mara lafiyar, wadda tun a jirgi ba ta ce uffan ba, ta buɗe baki ta faɗi wasu kalmomi da ban gane ba. Kakata ta dafa bango ta matsa kusa da ita, ta amsa mata da Gunganci, hawaye na bin fuskarta. Na tambayi kakata me yarinyar ta ce. Ta ce sannu da zuwa ce irin wadda ake yi wa wanda ya daɗe a tafiya, kuma yarinyar ta haɗa da wani suna da babu mai kiran kakata da shi sai mahaifiyarta. Ko Inna ba ta taɓa jin sunan ba.

Washegari aka kai ta asibiti, likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya haɗu da zafin rana. Limamin unguwarmu ma ya zo ya yi mata addu'a. Ta warke, alhamdu lillahi, amma ba ta tuna komai tun daga lokacin da ta ajiye cokali. Mahaifinta ya zo da kansa ya tafi da ita. Bai yi min faɗa ba, ya ce kawai Allah ya kiyaye gaba, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Da muka koma makaranta ta nemi a canja mata ɗaki. Muna gaisawa har muka gama, amma ba ta sake zama kusa da ni ba, ni kuma ban ga laifinta ba. Fitar Asabar ta mutu daga nan.

Ni ba malama ba ce, ban san me muka ji ba, ban san wa ta gaisar ba, Allah shi ne masani. Abin da na koya shi ne ba kowane fili ne babu mai shi ba. Ina kira ga 'yan uwana ɗalibai masu son fita shan iska, kafin ku sauka a wuri ku tambayi mutanen ƙasar wane wuri ne. Kada ku shiga jirgi babu rigar kariya, kada ku yarda a sauke ku inda ba za ku iya komawa da ƙafarku ba, kuma kada ku ɗauki amanar ɗan wani da wasa. Masu tsofaffi a gida, ku zauna ku tambaye su daga ina suka fito tun suna da bakin faɗa.

Bayan damina ta wuce, kakata ta matsa sai an kai ta wurin. Ni da kawuna muka raka ta. Ruwa ya riga ya dawo, babu gungu, babu dutse, sai shimfiɗar ruwa iyakar gani. Amma a wani wuri ta ɗaga hannu ta ce a kashe inji. Ta leƙa ta yi wa mutanenta sallama, ta yi musu addu'a, sannan ta roƙa mana gafararsu, ta ce yara ne, ba su sani ba. Ba ta ga wata damina ba bayan wannan. Duk wanda ya karanta, ina roƙon ya sa ta a addu'a, ita da waɗanda ke kwance a ƙarƙashin ruwan nan.