Daga Gorton zuwa Birmingham, Neman Ɗan Farin Yaya Bilki

Manchester, shida saura kwata na asuba

Ina sallame sallar asuba na zura rigar sanyi na fita, gari bai ko fara wayewa ba. Asabar ce, tsakiyar Nuwamba. Tasi ta ɗauke ni daga Gorton zuwa Whalley Range cikin minti ashirin, fam goma sha ɗaya. Na tarar da yayata Bilki tsaye a ƙofar gida da kular masa a hannu. Mijinta, Dokta Kabiru, bai taso daga aiki a asibiti ba, shi ya sa tafiyar ta faɗo kaina.

Ga abin da ya fitar da mu. Ɗansu na fari, Sulaiman, mai shekara ashirin, yana jami'a a Birmingham. Mako bakwai ke nan ba ya ɗaga wayar kowa. Ya bar ɗakinsa na ɗalibai ya koma wani gida, wurin mutanen da ba mu san ko su wane ne ba. Saƙo ɗaya ya turo wa uwarsa da Turanci: "Shekara ashirin ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Na samu waɗanda suka san ni. Kada ku neme ni."

Ni ma da laifina a ciki. Ku na gida kuna yi mini dariya wai an turo ni Ingila yin digirin kallon fatalwa. Ba ku yi ƙarya ba, finafinan ban tsoro na Japan nake nazari a jami'ar da ke Oxford Road, kuma ni na fara nuna wa yaron su tun yana sakandare. Wata ɗaliba 'yar Katsina da ta samo mana adireshin ta ce abin ma daga zaman kallon irin finafinan ya faro, duk Alhamis. In an gama sai a zauna a kewaye, kowa ya faɗi abin da gidansu ya rage shi da shi.

Cikin jirgin ƙasa, bakwai saura biyar

Tikiti fam talatin da shida kowannenmu, zuwa da dawowa. Mun wuce Stockport kafin Yaya ta buɗe baki.

"Wai Hamisu, mene ne a cikin finafinan nan naku? Aljanu ne?"

"Da aljanu ne ai da sauƙi, Yaya. Ayatul Kursiyyu ta ishe mu."

Na gaya mata yadda suke. Gida ne tsaf, uba da uwa da ɗa suna cin abinci, ba mai ɗaga kai ya dubi wani. Ba zagi, ba duka, shiru ne kawai. Sai wani mutum mai taushin murya ya ɓullo a waje, wanda yake sauraron yaron da kyau. Kafin a raba fim biyu yaron ya koma kiran baƙi danginsa.

"Ƙarshen fa?"

Na juya ina kallon taga, muna shiga Stoke-on-Trent. Ban iya gaya mata cewa a yawancinsu wanda ya je ɗauko yaron ba ya dawowa da shi ba, wani ma can yake zama.

Maganar sunan kuwa gaskiya yaron ya faɗa. Kunyar ɗan fari ce, ga shi kuma sunan surukinta aka sa masa. "Kai" take ce masa, in ba ya nan "yaron nan". Haka Innarmu ta yi wa ita Yayar, kuma ba ta taɓa ɗauka ƙi ba ne, don duk unguwa haka ake yi, ga kaka ga gwaggo masu shagwaɓa ta. Shi kuwa a Whalley Range ya tashi, ba kaka ba gwaggo, yana ji ana ƙwala wa ƙanwarsa Amira kira sau hamsin a rana. Na ce mata yau ko ta ƙi ko ta so sai ta kira shi da sunansa.

"Ka san abin da kake faɗa kuwa? Sunan Baba ne fa."

A haka muka wuce Wolverhampton.

Birmingham, takwas da minti ashirin da biyar

Mai tasin da muka samu wani dattijo ne Basomale. Ya amsa sallamarmu, ya duba adireshin, sannan ya dube mu ta madubi.

"Na san gidan. Labulensa ba ya buɗewa. Na sha kai mutane can, ban taɓa ɗauko kowa daga can ba."

Kilomita bakwai ne zuwa kudancin gari, fam goma sha huɗu. Da muka isa ya kashe mita ya ce da Yaya, "Ki shiga, 'yar'uwa. Ina nan ba inda za ni."

Gida ne na jan bulo mai hawa uku, tsakar gaba a share tas. Ban gama ƙwanƙwasawa ba wata budurwa ta buɗe tana murmushi, ta ce suna ta jiran mu. Ta nemi mu cire takalma, muka cire ba musu, tunda mu ma haka muke yi a gida. Sai na ga ta saka su a kabad cike da takalman mutane, ta murza makulli ta zura a aljihu. Na ga irin wannan a allo ya fi a ƙirga, har na rubuta babi guda a kansa, amma wannan ba fim ba ne. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba.

Falon ba kujera ko ɗaya. Mutum kamar goma sha biyar suna zaune a ƙasa, duk da riguna ruwan toka, sun ba mu baya suna kallon fim a jikin bango, an kashe masa murya. Ba wanda ya waiwayo. Na gane ƙeyar Sulaiman, na uku daga taga. An aske masa kai, wuyan ya rame.

Shugabansu wani Bature ne mai furfura, ya fito da shayi a faranti. Muryarsa a tausashe, har ka ji kunyar ƙin amsa masa.

"Ba wanda aka ɗaure a nan," in ji shi. "Wa kuke nema?"

Na buɗe baki, ya ɗaga mini yatsa. "Uwar nake tambaya."

A nan na gane yaron ya ba su labarin gidansu kaf.

"Ɗana," in ji Yaya.

"Kowa a nan ɗan wata ne, kuma kowa mun ba shi sabon suna. Ki faɗi wanda kike nema."

Yaya ta gyara riƙon kular. Ta faɗi sunan can ƙasa-ƙasa, ni kaina da ƙyar na ji. Ba wanda ya motsa. Ta sake faɗa, shiru. Baturen ya yi murmushi ya miƙa mata shayi. Sai ta ajiye kular, ta ɗaga murya kamar mai kira daga zaure zuwa ƙuryar gida.

"Sulaimanu!"

"Na'am."

Amsar ta fita kafin ya yi tunani. Ya waiwayo, ya miƙe. Biyu daga na kusa da shi suka ɗora masa hannu a kafaɗa, ba riƙo ba, ɗorawa kawai. Baturen ya kira shi da wani suna da ban taɓa ji ba, a hankali, sau biyu. Yaron ya tsaya cik, yana duban wannan yana duban wancan, sannan na ga ya fara komawa zai zauna.

Yaya ta gyara mayafinta ta zauna daram a ƙasa, cikin sahunsu.

"To shi ke nan," ta ce da Hausa. "Hamisu, ka koma ka gaya wa Dokta. A ba ni rigar ni ma."

Na san ba wasa take ba. Budurwar nan har ta juya za ta ɗauko rigar.

"Mum, no. Ki tashi." Sulaiman ya tsallake mutum biyu ya kama hannunta. "Ba ki san su ba. Don Allah ki tashi."

"Sai dai mu tashi tare."

Mai makulli ta ɓace, mu kuma ba mu tsaya neman ta ba. Na suri kular, muka fito mu uku da safa a kan jiƙaƙƙen titi. Ba wanda ya biyo mu, sai da na waiwaya na ga an ɗage labulen, duk suna tsaye a taga suna kallon mu. Dattijon mai tasi ya ga ƙafafunmu, ya tada mota. A wani kanti kusa da tasha ya tsaya muka sayi takalman roba, fam takwas takwas.

Komawa, sha ɗaya da rabi

Masa ɗaya Sulaiman ya ci a jirgi, ya ce ya ƙoshi. Duk tashar da aka tsaya sai ya zuba wa ƙofa ido, ni kuma na zuba masa. A Stafford ya miƙe, na miƙe, ashe bayi zai shiga. Na tsaya a bakin ƙofar kamar dogari har ya fito.

"Kawu, ba mugaye ba ne fa," ya ce. "Za su ce na gaza. Ban sani ba, maybe zan koma."

Har yau da nake rubuta muku wannan, maganar tana hana ni sukuni.

Whalley Range, biyu saura minti ashirin

Dokta Kabiru na tsaye a ƙofa, ko kayan aiki bai cire ba. Ya ce, "Kun dawo lafiya?" kamar daga kasuwa muke. Sannan ya kama wuyan hannun ɗansa da yatsu biyu, ya dubi agogo, wai bugun jini yake aunawa. Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. Na leƙa na ga agogon ma a juye yake, hawaye na ɗiga a kai, bai kuma saki hannun ba.

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Mun gode wa 'yar Katsina, da dattijon da ya kashe mita ya jira mu. Ku kuma na gida, ku sa Sulaiman a addu'a, da sunansa.